Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon tsoro

Masanin Rasha Ivan Pavlov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904, ya lura karnukansa na dalalar da yawu da zarar sun ji takun mai kawo abinci. Ƙwaƙwalwarsu ce ta ɗaure sautin da abincin. Ni dai ban yi mamaki ba, shanun babana ma sun san muryar mai ba su dusa.

Tsoro ma haka ake koyonsa. Wanda ya taɓa haɗari a tirela, ƙarar birki kaɗai sai gabansa ya faɗi, zufa ta keto masa. Wallahi ba ragwanci ba ne. Maganinsa, ƙwararre ya riƙa saba masa da abin kaɗan-kaɗan har jikinsa ya daina firgita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Yaba ta Legas da Aro ta Abeokuta.