Yadda ake aske ciyawar dandalin rami a filin golf da kula da ita

A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, babu yankin fili da ke cin kuɗi da lokaci kamar ɗan dandalin da ya kewaye rami, wanda 'yan wasa ke kira girin. A nan ne ake daina ɗaga ƙwallo sama, a koma gangara ta a ƙasa har ta faɗa ramin da faɗinsa milimita 108 ne kacal. A filin da ke da ramuka 18, wanda aka ƙiyasta ƙwararre zai kammala da bugu 72, an ware wa kowane dandali bugu biyu, wato 36 ke nan, rabin wasan gaba ɗaya. Don haka ingancin wannan 'yar shimfiɗar ciyawa ne ke ɗaga darajar fili ko ya zubar da ita.

Abubuwa uku ake nema a dandali mai kyau: ya zama sumul ta yadda ƙwallo ba za ta yi tsalle ko ta kauce ba, ƙasarsa ta yi tauri daidai gwargwado, sannan gudun ƙwallo ya zama iri ɗaya daga ramin farko zuwa na ƙarshe. Wahalar aikin ita ce ana samun waɗannan ne ta hanyar takura wa ciyawa, alhali ita ma tsiro ce mai rai da ke da iyakar abin da za ta iya jurewa.

Daga bakin tumaki zuwa inji

A tsofaffin filayen gaɓar tekun Sikotlan, inda wasan ya samo asali, tumaki da zomaye ne ke rage tsawon ciyawa, daga baya aka riƙa bi da lauje mai dogon ƙota. A shekarar 1830 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa na farko, bayan ya lura da na'urar da masaƙun yankinsu ke amfani da ita wajen aske gashin da ke tasowa a jikin yadi. Tsarin da ya fito da shi, na wuƙaƙe masu juyawa a jikin ganga, shi ne har yau ake amfani da shi a kan dandali.

Mutumin da ake ɗauka a matsayin uban wannan sana'a shi ne Old Tom Morris, wanda ya kula da filin St Andrews kusan shekara 40, har zuwa 1903. Shi ya yaɗa al'adar barbaɗa yashi a kan dandali a kai a kai, dabarar da binciken kimiyya ya zo ya tabbatar da amfaninta daga baya.

Irin ciyawar da ake shukawa

Yanayin wuri ne ke zaɓar ciyawa. A ƙasashe masu sanyi an fi shuka wadda ake kira bent, mai siririn ganye da ke jure aski ƙasa-ƙasa, amma zafi mai haɗe da laima yana galabaitar da ita. A ƙasashe masu zafi kuwa, ciyawar Bamuda ce kan gaba, wadda 'yar gida ɗaya ce da kiri-kirin da ke yaɗo a fadamu da bakin rafi a ƙasar Hausa. Masu bincike a garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka sun fitar da ire-irenta masu gajeren ganye, kamar Tifgreen a 1956 da Tifdwarf a 1965, sai TifEagle a ƙarshen shekarun 1990. Akwai kuma faspalum, wadda ake so a bakin teku domin tana jure ruwa mai gishiri.

Ciyawar Bamuda na da wata ɗabi'a: tana kwantawa ta fuskanci gefe guda. Ƙwallon da ta bi kwanciyar ganye takan yi sauri, wadda ta tunkare shi kuwa takan yi nauyi. Yawancin dabarun aski an ƙirƙiro su ne domin miƙar da ganyen tsaye.

Ƙa'idojin aski

A lokacin da ciyawa ke girma, kusan kullum ake aske dandali, da sassafe kafin 'yan wasa su fito. Tsawon da ake bari yakan kama daga milimita biyu da rabi zuwa huɗu, kwatankwacin kaurin kwabo biyu idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Injin da ke sara da fanka, irin na gidaje, ba ya iya wannan aiki. Wanda ake amfani da shi yana da ganga mai wuƙaƙe 11 zuwa 14 ko sama da haka, da ke haɗuwa da wata wuƙa ta ƙasa su datse ganye kamar almakashi. Idan wuƙaƙen suka dakushe, yaga ganyen suke yi, bakinsa ya yi fari, ƙwayoyin cuta su sami ƙofar shiga. Shi ya sa ake duba kaifinsu da saitinsu kafin kowace fita.

Babbar ƙa'ida ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a aski guda. Idan ruwan sama ya hana aiki kwana biyu ko uku, sai a ɗaga injin, a riƙa saukowa sannu a hankali. Wanda ya yi gaggawa yakan yi wa dandali ƙwal-kwabo, ya bar tabon da zai ɗauki makonni bai warke ba.

Haka kuma ana sauya alƙiblar aski kowace rana, yau daga gabas zuwa yamma, gobe daga kudu zuwa arewa, jibi a karkace, domin kada ganye ya saba da kwanciya gefe guda. Ana kwashe yankakken ganye a kwando, ba a barin sa a wurin. Zagayen ƙarshe da ake yi a gefen dandali kuwa akan tsallake shi wasu ranaku, saboda nan ne tayoyi suka fi taka wuri guda. Manyan filaye sun fi son injin da ake turawa da hannu saboda rashin nauyinsa, yayin da masu ƙarancin ma'aikata ke amfani da na hawa mai kai uku, wanda ya shigo a ƙarshen shekarun 1960.

Ma'aunin gudu da haɗarinsa

Ana auna gudun dandali da wata sanda mai suna Stimpmeter, wadda Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935, Hukumar Golf ta Amurka kuma ta gyara ta, ta rarraba wa filaye a 1978. Tsawonta inci 36 ne, da kwari a tsakiya. Ana ɗora ƙwallo a wani gurbi, a ɗaga sandar a hankali har ƙwallon ta gangaro da kanta, sannan a auna nisan da ta yi. Ana gangara uku ta wannan gefe, uku ta wancan, a fitar da matsakaici da ƙafa. Gwajin da hukumar ta yi a sassan Amurka a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna matsakaicin kimanin ƙafa shida da rabi. A manyan gasanni na yau akan kai ƙafa 12 ko fiye.

An yi sandar ce domin daidaita gudu tsakanin dandali da dandali, amma sai ta zama abin tinƙaho tsakanin kulob-kulob, mambobi suna matsa wa ma'aikata su ƙara sauke injin. Illar ita ce duk yadda ganye ya gajarta, haka saiwa ke gajarta, domin ganye ne ke haɗa wa tsiro abinci. Ciyawa mai gajeren saiwa ba ta jure rana ko ƙishi, ga saurin kamuwa da cuta.

Ko a manyan gasanni an ga iyakar wannan buri. A gasar US Open ta 2004 a Shinnecock Hills, dandalin rami na bakwai ya bushe har ƙwallo ta ƙi tsayawa, dole aka riƙa yayyafa masa ruwa ana tsaka da wasan ranar ƙarshe. A gasar Open ta 2015 a St Andrews kuma, iska ta riƙa tura ƙwallaye a kan dandali har aka dakatar da wasa na sa'o'i, gasar ta kai ranar Litinin. Saboda irin wannan, masana sun fi ba da shawarar a bi dandali da injin daɓe mara nauyi sau da dama a mako, wanda ke ƙara gudu da santsi ba tare da an rage ganye ba.

Aikin ƙarƙashin ƙasa

Dandalin zamani gini ne mai hawa-hawa. Tsarin da hukumar ta Amurka ta fara wallafawa a 1960 ya tanadi bututun fitar da ruwa a ƙasa, sai tsakuwa mai kaurin santimita 10, sai santimita 30 na yashi da aka gauraya da ɗan ruɓaɓɓen tsiro. Yashi ba ya dunƙulewa kamar laka idan aka taka shi, kuma ruwa na wucewa cikinsa da sauri.

Duk da haka, sawun mutane da nauyin injuna na danne ƙasa, matattun saiwoyi da ganye kuma suna taruwa su zama kamar soso a ƙarƙashin ciyawa. Wannan soso na riƙe ruwa, yana hana iska shiga, yana sa dandali ya yi laushi har sawu ya riƙa fitowa. Maganinsa shi ne huda ƙasa: sau ɗaya zuwa uku a shekara ana bi da inji mai bututun ƙarfe yana zaro 'yan gutsattsarin ƙasa, a cike ramukan da busasshen yashi. 'Yan wasa ba sa son wannan aiki, domin dandali yakan yi kamar mako biyu yana da kaushi, amma kulob ɗin da ya riƙa ɗage shi don gudun ƙorafi yakan wayi gari yana sake gina dandali daga tushe. Tsakanin huda da huda ana tsaga soson da wuƙaƙe masu yanka a tsaye, ana kuma barbaɗa yashi kaɗan-kaɗan a share shi ya shige tsakanin ganye.

Ruwa da taki

Yawan ban ruwa ya fi kashe dandali fiye da ƙarancinsa. Idan saman ƙasa kullum a jiƙe yake, saiwa ba ta nutsawa neman ruwa, gansakuka da fumfuna kuma su samu wurin zama. Ƙwararrun ma'aikata na auna laima da na'ura, su bi wuraren da suka bushe da tiyo, da tsakar rana kuma su ɗan yayyafa ruwa don sanyaya ganye. Ana kakkaɓe raɓa da safe saboda ita ke taimakon cututtuka. Taki ma kaɗan-kaɗan ake bayarwa, domin idan ya yi yawa ciyawa na tashi da sauri, gudun ƙwallo ya ragu kafin la'asar.

Inda ruwa ya yi ƙaranci

Tsadar wannan hidima ce ta sa a wurare masu fari aka daɗe ana yin dandali ba da ciyawa ba. A filaye da dama na Najeriya, musamman a Arewa, da wasu na ƙasashen Larabawa da karkarar Ostareliya, an yi amfani da yashi da aka kwaɓa da baƙin mai aka daɓe, wanda ake kira burawun. Kafin ɗan wasa ya buga, sai a share masa hanya daga ƙwallo zuwa rami. Filin golf na IBB da ke Abuja na cikin waɗanda ke da dandalin ciyawa. Kulob ɗin da ke son sauyawa daga yashi zuwa ciyawa, tambayar farko da ke gabansa ita ce ko yana da ruwan da zai kai shi daga farkon hunturu zuwa faɗuwar damina, da makanikin da zai riƙa wasa wuƙaƙen inji.

Nauyin da ke kan ɗan wasa

Ƙwallon da ta faɗo daga sama takan bar ɗan gurbi a dandali. Gyaran da ya dace shi ne a soka ƙaramin cokalin gyara a gefen gurbin, a tura ciyawa zuwa tsakiya, a danne da gindin sanda. Ɗago tsakiyar sama yana tsinka saiwa. Gurbin da aka gyara nan take yakan warke cikin 'yan kwanaki, wanda aka bari kuwa sai ya yi makonni. Dokokin wasan da suka fara aiki a 2019 sun ba ɗan wasa damar gyara kusan duk wata ɓarna a kan dandali, har da sawun takalmi. Su kuma ma'aikata suna sauya wa ramin wuri a kai a kai, a filaye masu cunkoso ma kowace safiya, domin ciyawar da aka tattake jiya ta samu sararin farfaɗowa.