Neman Manyan Gudummawa ga Jami'o'i: Yadda Aikin Yake da Abin da Yola Ta Nuna

Neman manyan gudummawa aiki ne da jami'o'i da sauran manyan makarantu ke yi domin samun kyautar kuɗi, ko gini, ko fili, ko kayan aiki masu yawa daga attajirai, kamfanoni, gidauniyoyi da tsofaffin ɗalibai. Kula da masu bayarwa kuwa shi ne rabin aikin na biyu: gode musu, sanar da su inda dukiyarsu ta shiga, da riƙe zumunci da su shekara da shekaru. Babu wani adadi guda da ake kira babbar gudummawa. Kowace makaranta kan yanke nata gwargwadon ƙarfinta, amma ma'aunin ɗaya ne: kyautar da za ta iya tayar da gini, ko ɗaukar nauyin ɗalibai, ko kafa wani sashe da ba zai samu ba in babu ita.

Asalin aikin

Raya ilimi da dukiyar masu hali tsohon abu ne. A shekarar 859 Fatima al-Fihri ta gina masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko da dukiyar da ta gada, kuma daga nan ne shahararriyar jami'ar ta tsiro. Wakafi ne ya riƙe Azhar ta Masar tsawon ƙarnoni. A Amurka, John Harvard ya bar wa wata ƙaramar kwaleji rabin dukiyarsa da littattafai kimanin 400 a 1638, aka sa mata sunansa, kuma a yau asusun ajiyar jami'ar ya haura dala biliyan 50. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da neman gudummawa sana'a mai ofis, da ma'aikata, da ƙa'idoji.

A Najeriya wannan tsari ya fara kama ƙasa a farkon shekarun 2000, lokacin da Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu, wato Bayero ta Kano, Ahmadu Bello ta Zariya, Ibadan da Fatakwal. Cikin abubuwan da tallafin ya ƙarfafa har da ofisoshin bunƙasa jami'a, waɗanda aikinsu shi ne nemo masu taimako da tattara bayanan tsofaffin ɗalibai.

Dalilin buƙatarsa

Jami'o'in gwamnati sun dogara ne da kasafin kuɗi, wanda albashi ke cinye mafi yawansa, sai kuma asusun TETFund. An kafa wannan asusu a 2011, ya maye gurbin asusun harajin ilimi na 1993, kuma kuɗinsa na fitowa daga harajin da ake ɗora wa ribar kamfanoni. Makarantun gwamnati kaɗai yake tallafa wa. Saboda haka Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Jimeta, suna cikin masu cin gajiyarsa, jami'o'i masu zaman kansu kuwa ba sa ciki. Ga na gwamnati, gudummawa ciko ce ga abin da kasafi bai kai ba. Ga masu zaman kansu, ita ce ƙafa ta biyu bayan kuɗin makaranta.

Matakan aikin

Masu wannan sana'a kan raba ta mataki huɗu. Na farko shi ne ganowa: wa ke da hali, kuma me ya haɗa shi da makarantar? Tsohon ɗalibi ne, ko ɗan garin, ko mai kamfanin da ke ɗaukar waɗanda suka kammala? Na biyu shi ne kusantowa, inda ake gayyatarsa ya ga ɗakin gwaje-gwaje da idonsa, ya zauna da malamai, a saurari abin da ke ransa. Wannan mataki kan ɗauki shekara ɗaya, ko biyu, ko fiye. Na uku shi ne gabatar da buƙata, kuma galibi shugaban jami'a ko wani dattijo daga majalisar gudanarwa ne ke yin ta, da takamaiman adadi da takamaiman aiki. Na huɗu shi ne riƙon amana: yarjejeniya a rubuce, rahoton kashe kuɗi a kan lokaci, da godiya. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici, kuma a wannan fage tukuicin shi ne rahoto mai gaskiya.

Nan ne aikin ya bambanta da bikin ƙaddamar da gidauniya da aka saba gani, inda ake tara manyan baƙi, a sanar da alkawura cikin tafi, a watse. Alkawarin da aka yi a bainar jama'a ba tare da takarda ko mai bibiya ba yakan tsaya a baki. Ofishin da ya san aikinsa yakan kammala magana da manyan masu bayarwa tun kafin a ɗaura lasifika.

Misalin Yola

Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda aka fi sani da AUN, misali ce ta makarantar da gudummawar mutum ɗaya ta haifa. Tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar ne ya kafa ta a Yola a 2004, ta karɓi ɗalibanta na farko a 2005, tare da haɗin gwiwar wata jami'a da ke birnin Washington.

Shekara goma bayan haka ne aka ga amfanin zumuncin da jami'ar ta ƙulla a ciki da wajen ƙasa. A 2012, ƙarƙashin shugabancin Margee Ensign, ta haɗa kai da malaman addini da shugabannin al'umma aka kafa wata ƙungiyar wanzar da zaman lafiya ta Adamawa. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, 'yan gudun hijira suka kwararo Yola da Jimeta, akasarinsu suka sauka a gidajen dangi. Jami'ar da ƙungiyar suka nemi taimako daga wanda ya kafa ta da sauran masu bayarwa, aka riƙa raba hatsi a wurare irin su harabar majami'ar Saint Theresa da ke Jimeta. Jami'ar ta bayyana cewa kusan mutum 300,000 ne suka amfana.

A wannan shekarar ce kuma ta karɓi wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta, ta buɗe musu shirin share fage. Attajirin Amurka Robert Smith na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin karatun wasunsu. A 2017 aka kawo wasu fiye da 100 da aka sako, bisa nauyin Gwamnatin Tarayya. Abin lura shi ne, masu taimakon sun buɗe hannu ne ga aikin da suka ga sunansa, da adadinsa, da mutanen da za su amfana.

Sauran misalai a Arewa

Gidauniyar Aliko Dangote ta gina wa Jami'ar Bayero makarantar nazarin kasuwanci da ke ɗauke da sunansa, ta kuma gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai. A 2021 shirin ASR Africa na Abdul Samad Rabiu ya ware naira biliyan ɗaya ga kowace ɗaya daga cikin jami'o'i shida, ciki har da ta Zariya da ta Maiduguri. Mafi yawan irin waɗannan kyaututtuka gine-gine ne. Gini kuwa yana buƙatar wuta, da ruwa, da gyara, kuma kyautar da ba ta zo da kuɗin kulawa ba takan zama kaya a kan makarantar. Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar a ware wani kaso a zuba a asusun wakafi, wanda ba a taɓa uwar kuɗinsa, ribarsa kaɗai ake kashewa.

Haɗurran da ke ciki

Na farko shi ne dogaro da mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma makarantar da ta rataya a kan aljihu guda tana jin jiki duk ranar da kasuwar mai aljihun ta girgiza. Na biyu shi ne tushen dukiyar. A 2011 shugaban Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan, Howard Davies, ya yi murabus saboda gudummawar da makarantar ta karɓa daga gidauniyar ɗan Mu'ammar Gaddafi. Na uku shi ne musayar girmamawa da kuɗi. Domin toshe wannan ƙofa ne shugabannin jami'o'in Najeriya suka amince da matsayar Keffi a 2012, wadda ta taƙaita ba da digirin girmamawa, ta kuma hana ba wa masu riƙe da muƙaman gwamnati. Na huɗu shi ne tsoma baki: mai bayarwa na da ikon faɗin aikin da yake so a yi da kuɗinsa, amma ɗaukar ɗalibai, da naɗa malamai, da sakamakon bincike, haƙƙin jami'a ne.

Abin da ya rage wa makarantun Adamawa

Jarin da makarantun Yola da Jimeta ke da shi a hannu shi ne tsofaffin ɗalibansu. Jami'ar Modibbo Adama ta shafe shekaru masu yawa tana yaye injiniyoyi da masana aikin gona da sauran ƙwararru da suka bazu cikin ƙasa, ga kuma 'yan kasuwar Jimeta da 'ya'yansu ke karatu a waɗannan makarantu. Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: rijistar tsofaffin ɗalibai da ake sabuntawa, ma'aikaci ko biyu da wannan ne kaɗai aikinsu, asusu na daban da ake bincikawa, da rahoton shekara da kowane mai bayarwa zai samu a hannunsa, ko da naira 10,000 ya bayar. Mai babbar kyauta sau da yawa da ƙarama yake farawa, ya zuba ido ya ga abin da aka yi da ita.