Lifidi: Ɗinkin da Ya Tare Kibiya



A 'yan kwanakin nan hotunan wani irin bargo na ta yawo a wayoyin 'ya'yanmu mata, musamman masu koyon ɗinki. An haɗa shi da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa shida, an jera su kamar saƙar zuma, kuma duk wadda ta gani sai ta ce aikin Turawa ne. Ta wani fannin da gaskiyarta. A Ingila aka san wannan salo tun ƙarshen ƙarni na 18. Mace kan yanka takarda mai kusurwa shida, ta naɗe ta da ƙyalle, ta yi ta haɗa gefe da gefe da allura, in ta gama ta zare takardun. A 1835 wata mujallar mata ta Amurka, Godey's Lady's Book, ta buga zanensa, ya kuma ƙara bazuwa a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye, mata suka koma tattara ragowar yadi da tsofaffin tufafi.

Sai dai haɗa ƙyallayen rabin aiki ne. Da yake bakin saƙar zuma ba ya miƙewa, sai an cike giɓinsa da rabi-rabin ƙyalle, ko a ɗora shi a kan dogon yadi da zai kewaye shi. Daga nan a shimfiɗa fuskar a kan auduga, a sa shafi a ƙasa, a bi da ɗinki layi-layi yana ratsa hawa ukun, sannan a ɗaure baki. Wannan rabi na biyu kakanninmu sun ƙware a kansa ɗaruruwan shekaru kafin salon saƙar zuma ya bayyana. Su dai fagen fama suka nufa da nasu, sunansa kuwa lifidi.

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi ƙasar Hausa da Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. An ce asarar mayaƙa da ya yi ce ta sa ya kawo shi, tare da kwalkwali da sulke. A wancan zamani babban abin tsoron barde shi ne ɗan baka da ke laɓe da kibiya mai dafi. Ko ƙwarzane ta yi wa doki, ya gama yawo. Sulke na ƙarfe yana da tsada. Auduga kuwa tana gona, rimi yana bakin gari, masaƙa da maɗinka suna kowace unguwa.

Yadda ake yin sa shi ne a ɗauki yadi biyu masu ƙwari, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakaninsu, a bi da ɗinki kusa da kusa. Asirin yana cikin ɗinkin nan. In babu shi, da doki ya yi sukuwa audugar za ta zube ƙasa ta dunƙule, ƙirji ya zauna fayau. Ɗinkin ne ke tsare kowace 'yar auduga a gurbinta, ya matse ta har tsinin kibiya ya rasa ƙarfi kafin ya kai ga fata. Fuskar waje kuma akan haɗa ta da ƙyallaye masu launi daban-daban, a ɗaure bakin da kyau don kada ƙaya da gumi su warware shi. Da haka ake rufe doki daga wuya har gwiwa, mahayi ma ya sa nasa.

'Yan lifida su ne ke shiga gaba su fasa sahun abokan gaba, su ne kuma ke kewaye sarki. Amma kowane gwani da nasa rauni. Lifidi yana da nauyi da zafi, yana shan ruwa, yana kuma tsoron wuta. Baturen nan Clapperton, da ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir a 1826, ya lura cewa ɗan lifida ba ya iya hawa doki sai an ɗora shi.

Wannan sana'a ba a Kano kaɗai aka san ta ba. An same ta a kan hanyar fatauci da ta aikin hajji, hanyar da ta kawo iyayenmu inda muke a yau. Denham, abokin tafiyar Clapperton, wanda ya isa Barno a 1823, ya bar mana hoton barden Bagirmi, a Chadi ta yanzu, shi da dokinsa cikin lifidi. A fadojin lamiɓe na nan arewacin Kamaru ya zama kayan sarauta. Can gabas kuma, a gidan tarihi na British Museum da ke Landan, akwai lifidin doki daga Sudan na zamanin Mahadi, an haɗa fuskarsa da ƙyallaye masu launi, ana kuma kyautata zaton a yaƙin Omdurman aka kwashe shi, ranar 2 ga Satumba 1898.

Wannan yaƙi ya nuna ƙarshen zamaninsa. Abin da ya tare kibiya bai tare harsashin bindiga mai ruwa ba. Haka aka gani a Marwa a 1902, da Jamusawa suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu, haka kuma aka gani a Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan lifidi ya bar fagen fama ya koma hawan sallah, inda muke tafa masa har gobe.

Abin da ke damunmu shi ne muna kallon dokin, ba ma tambayar wanda ya riƙe allurar. Tarihi ya adana sunan sarkin da ya kawo lifidi, bai adana na maɗinkan da suka ɗinka shi ba. Dattawan da ke gyara na fada suna ta ƙarewa, 'ya'yanmu kuma suna koyon ɗinki mai hawa uku daga bidiyon ƙasashen waje, ba su san akwai malaminsa a bayan gidansu ba. Laifin namu ne da ba mu nuna musu ba.

Saboda haka in sallah ta zo, bayan an sauko daga hawa, mu nemi izini a wurin masu kula da dawakin fada. Mu juya lifidin mu ga cikinsa, mu ƙirga tazarar layukan, mu tambayi wanda ya yi masa gyaran ƙarshe, da wanda ya koya masa. Mu tafi da masu koyon ɗinkin nan, su zauna gabansa da ragowar yadinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda ya san maɗinkin lifidi a garinsu, ya sanar da mu. Allah ya jiƙan magabata, ya albarkaci na baya.