Puwatiye 732: abin da Faransa ta riƙe da abin da ta mance

Tun 1925 Maurice Halbwachs ya nuna cewa al'umma ba ta tuna duk abin da ya wuce; tana zaɓen abin da zai yi mata amfani a yau. Za mu gwada wannan ra'ayi bisa misali guda, wato yaƙin Puwatiye (Poitiers).

A shekara ta 732 Sharl Martel ya ci rundunar Abdurrahman al-Gafiƙi, gwamnan Andalus, wanda aka kashe a wurin. Shekara da shekaru littattafan lakwal na Faransa suna koya wa yara cewa nan ne aka tsai da Larabawa. Amma birnin Narbon, a kudancin ƙasar, ya zauna hannun Musulmi har 759, shekara 27 bayan yaƙin. A 2016 kuma masu binciken kufai sun bayyana sakamakon nazarin kaburbura uku da aka tono a Nim: an kwantar da mamatan ta gefen dama, fuska ga alƙibla. Ke nan an yi yaƙi, an kuma yi zama. Yaƙin kaɗai aka riƙe.

Wannan zaɓi ba na masana kawai ba ne. A watan Oktoba na 2012 wasu samari masu ƙyamar baƙi sun hau rufin masallacin da ake ginawa a Puwatiye, suka ɗaga tuta mai ɗauke da lamba 732. Da ita suke ce wa Musulmin da aka haifa a Faransa su baƙi ne.

Alhali akwai wata shekara da za a iya riƙewa: 1926, lokacin da aka buɗe babban masallacin Paris don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu a yaƙin 1914-1918.

Harshe ma shaida ne. Kalmomin sucre, coton, chiffre da magasin duk daga Larabci suka fito. Sucre da sukarinmu uwa ɗaya ta haife su. Bafaranshe na furta su kullum ba tare da ya ji baƙuntarsu ba. Abin tambaya shi ne ko jikokin sojoji da ma'aikatan da suka zo daga baya za su samu irin wannan karɓa.