Abin da Ɗan Agaji Ba Zai Yi Ba: Matsayin Ginshiƙan Ɗabi'a a Ƙungiyoyin Sa-kai na Yammacin Zamfara

Tun da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a ƙarshen Janairun 2024, mutum sama da 2,600 da kaki da alawus na wata, wani ra'ayi ya ƙara samun gindin zama a tsakanin manazarta da jami'an gwamnati. Ra'ayin yana cewa abin da ke gyara ƙungiyar sa-kai shi ne rajista da biyan kuɗi da idon hukuma, ita kuwa maganar gaskiya da amana da ake rubutawa a kundin ƙungiya ado ce kawai, ana karanta ta ranar buki a mayar da ita cikin akwati. Tushen wannan fahimta a ilimance yana wurin Mancur Olson (1965), wanda ya kafa hujjar cewa mutum ba ya wahala domin amfanin jama'a mai yawa sai in an tilasta shi, ko kuma akwai wata riba da shi kaɗai zai samu. Wannan maƙala tana ganin ra'ayin ya amsa wata tambaya daban, ya bar wadda ta fi damun mutanen Gummi da Anka da Bukkuyum. Olson ya bayyana abin da ke sa mutum ya shiga ƙungiya. Bai bayyana abin da ke hana shi wuce gona da iri bayan ya shiga ba, kuma a nan ne ginshiƙan ɗabi'a suke aikinsu.

Tarihin ƙungiyoyin Musulmin Arewa masu rundunonin agaji sananne ne: Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, Fityanul Islam a Kano a 1963, Izala a Jos a 1978 (Loimeier, 1997; Kane, 2003). Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ke da hannu dumu-dumu a kafa ta farko kuma ya zama jigon ta uku, ɗan garin Gummi ne, don haka yankin ba baƙo ba ne a wannan tarihi. Haka ma labarin 'yan sa-kai masu makami ba ya buƙatar maimaici: rahoton International Crisis Group na Mayun 2020 da laccar Murtala Ahmed Rufa'i a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021 duk sun nuna yadda suka taso saboda satar shanu da fashi da rashin jami'an tsaro a karkara, da yadda kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya. Abin da bai samu kulawar da ta kamace shi ba shi ne ajiye ƙungiyoyin biyu gefe da gefe.

In an ajiye su, abin da zai fara bayyana shi ne kamanninsu. Daga gari ɗaya ake ɗibar su, sau da yawa daga unguwa ɗaya: manoma, 'yan acaba, teloli, masu ƙananan sana'o'i. Babu mai albashi a cikinsu. Dukansu suna da kaki, da muƙamai irin na soja, da shugaban da ake yi wa biyayya, kuma dukansu sun gaji al'adar aikin gayya, wadda ta saba wa Bahaushe da fita aikin da ba a biyansa. Amma duba ɗan agaji ranar Juma'a. Tun kafin azahar ya ja igiya ya tare titi, usur a baki, yana nuna wa masu babura inda za su ajiye, ya kama hannun makaho ya kai shi sahu, kuma shi ne zai yi salla a ƙarshe ko a bakin hanya. Ranar Babbar Salla, yayin da mutane ke suyar nama, shi yana bi gida-gida yana tara fatun layya, yana barbaɗa musu gishiri kada su lalace, kuma kuɗin da za a samu ba aljihunsa za su shiga ba. In aka kama ɓarawon takalma ko na waya a masallaci, aikin da aka san shi da shi shi ne shiga tsakanin ɓarawon da fushin jama'a har a miƙa shi ga hukuma. Wannan na ƙarshe shi ne mahimmin abu, domin daidai wurin ne ɗan sa-kai mai bindiga ya sha zamewa: shi ne mai kamawa, shi ne alƙali, shi ne mai zartar da hukunci.

Mai bin Olson yana da amsa, kuma amsar ba ta wasa ba ce. Zai ce ɗan agaji ma riba yake nema. Yana neman lada, wanda a wurin mumini ya fi albashi daraja. Yana samun girma a gari, kaki yana ɗaga shi daga sahun talakawan da ba a san da su ba. Yana samun 'yan'uwan da za su tsaya masa ranar suna ko ranar rashi. Wani ma yana fatan a sa sunansa cikin masu yi wa alhazai hidima, ko ya samu kusanci da malamai da masu mulki. To in haka ne, in ji shi, babu buƙatar kawo maganar ɗabi'a, lissafin riba ya wadatar. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, kuma babu aibi a ciki. Sai dai lissafin yana cin kansa, domin kusan kowace riba da aka ambata ɗan sa-kai ma yana samun ta, har da ƙari. Shi ma yana ganin aikinsa ibada ne, yana kare rayuka da dukiyoyin Musulmi. Shi ma ana girmama shi, ana tara masa kuɗin harsashi da na mai. Shi ma yana da abokan da za su mutu tare da shi. In riba iri ɗaya ta haifar da ɗabi'u biyu masu hannun riga, to ba ita ce ta raba su ba. Dole a nemi bambancin a wani wuri, kuma ga alama yana cikin amsar da kowace ƙungiya ta ba tambayoyi biyu: wa muke yi wa aiki, kuma me ba za mu taɓa yi ba ko da an tsokane mu?

Mai jayayya zai sake dawowa ta wata ƙofa, ya ce bindiga ce bambancin. Ba a kai wa ɗan agaji hari cikin dare, bai binne ƙaninsa da aka harbe a gona ba, don haka haƙurinsa mai araha ne. A nan ya wajaba a rage faɗin da'awar. Babu mai adalcin da zai kwatanta tare titi da fuskantar ɗaruruwan mahara a kan babura. A farkon Janairun 2022, lokacin da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200, kuma cikin waɗanda suka mutu akwai 'yan sa-kai. Rahoton kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019. Wanda ya rayu cikin wannan, ba a yi masa wa'azin haƙuri daga nesa. Saboda haka hujjar da ke hannu ba ta kai a ce ɗabi'a kaɗai ce ta raba ƙungiyoyin biyu ba. Abin da ta kai a faɗa shi ne, inda matsi ya fi tsanani, nan rashin iyaka ya fi ɓarna. Misalin Sakkwato ya isa: a Oktoban 2021 aka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, kisan da aka ɗora wa 'yan sa-kai, kwanaki kaɗan bayan haka mahara suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40, daga bisani gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta ƙungiyar. Jarumtar 'yan sa-kai ba ta taɓa zama abin shakka ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙa'idar da ke cewa ba a kama mutum da laifin ƙabilarsa.

Akwai shaida ta kusa da ke nuna cewa irin wannan ƙa'ida tana da amfanin da ake iya gani da ido. A Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka ci karo da mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a tsakar gida, ƙurar dalma tana sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu. Maganin ya buƙaci a shiga cikin gidaje a kankare saman ƙasa a zubo sabuwa, a kuma riƙe uwa da ɗanta a asibiti kwanaki da yawa. Wannan ya faru ne a jihar da ke bin shari'ar Musulunci tun 2000, kuma 'yan shekaru kaɗan bayan ƙauracewa rigakafin shan inna na 2003, lokacin da zargin baƙi da magungunansu bai gushe ba. Magidanta sun buɗe ƙofofinsu, kuma da wuya a fahimci hakan ba tare da la'akari da cewa masu aikin ba su zo kama masu haƙar zinare ba, ba su tambayi aƙidar kowa ba, ba su zo da tutar jam'iyya ba.  Ƙungiyar Red Cross ta tsara irin waɗannan ƙa'idoji guda bakwai a Biyana a 1965, ciki har da rashin nuna bambanci da rashin ɗaukar ɓangare. Ba a ce suna kare rai kullum ba: Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomin da aka sace a Rann ta Borno, an kashe su a 2018 duk da aikin jinƙan da suke yi. Amma ƙungiyar da ba ta da su, ko ƙofar zaure ba za ta wuce ba a garin da ake zaman zargi.

Sauran ƙorafin da ya fi zafi shi ne cewa su kansu 'yan agaji ba su tsira daga ɓangaranci ba. Kowace runduna tana ƙarƙashin ƙungiyar addini, na Izala daban, na ɗariƙa daban, Izalar ma ta rabu tsakanin Jos da Kaduna tun farkon shekarun 1990, kuma tarihin rigingimun masallatai a Arewa bai wanke masu kaki ba. Wannan gaskiya ne, kuma yana ƙarfafa hujjar ne maimakon rusa ta. Duk lokacin da rundunar agaji ta ɗauki kanta a matsayin garkuwar malami ko ta ɓangare, sai ta fara kama da abin da ake kuka da shi. Duk lokacin da ta tsaya a kan majinyaci da gawa da wanda mota ta buge, ba ta tambayar ko yana ƙabalu ko sadalu, sai mutuncinta ya dawo. Ɗabi'un da ake magana a kansu ma ba baƙi ba ne da za a ce an aro daga Turai. Kirk-Greene (1974) ya tattaro siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, daga gaskiya da amana da haƙuri har zuwa adalci. Matsalar ita ce waɗannan siffofi na mutum ɗaya ne, kuma ba sa zama na ƙungiya sai an mayar da su doka mai haƙori: wa ke riƙe kuɗin fata, a gaban wa ake karanta lissafi, wane laifi ne ke sa a tuɓe wa mutum kaki ko da ɗan hakimi ne. Selznick (1957) ya riga ya nuna cewa wannan shi ne ainihin aikin shugabanci. A nan masu ra'ayin rajista da sa ido suna da rabin gaskiya, domin ƙa'idar da babu mai hukunci a kanta ba ta daɗewa. Kuskurensu shi ne zaton hukuncin zai iya zuwa daga Gusau kaɗai. Jami'in da ke Gusau ba ya nan lokacin da aka tare baƙo a mashigar ƙauye da dare, kuma zarge-zargen kisa ba tare da shari'a ba ba su ɗauke ba bayan an fara biyan alawus.

Ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a daminar 2024, da kifewar kwale-kwalen da ya halaka gomman manoma a Satumbar shekarar, sun tuna wa kowa cewa mutanen gari ne ke fara isa wurin masifa, hukuma ta biyo baya. Yankin zai ci gaba da dogaro da 'yan sa-kai, masu makami da marasa makami, na tsawon lokaci. Don haka ya kamata masarautun Gummi da Anka da Bukkuyum, tare da shugabannin rundunonin agaji na kowane ɓangare, su zauna su rubuta taƙaitattun ƙa'idoji da Hausa da Fulatanci, a karanta su a bainar jama'a ranar kasuwa, a bayyana laifukan da ke jawo kora, a kuma sa Fulanin yankin cikin masu karɓar ƙorafi. Gwamnatin jiha kuma ta sanya bin waɗannan ƙa'idoji cikin sharuɗɗan biyan alawus ɗin Askarawa.