Minidisc: mene ne shi, yaya yake aiki, kuma me za ka yi idan ka tsinci faifansa a gida

Bara, bayan rasuwar baffana, Allah Ya jiƙansa, muna kwashe kayan ɗakinsa a Agege sai muka ci karo da wata 'yar na'ura cikin akwatin ƙarfe, ba ta wuce tafin hannu ba, tare da wasu ƙananan faifai 23 masu kusurwa huɗu. Ƙanena ya ce tarkace ne, a ba 'yan jari-bola. Babanmu ya ce a dakata, domin ya tuna baffa yakan ajiye abin a gaban tsofaffi yana ɗaukar hirarsu. Sunan abin Minidisc, ana taƙaita shi da MD. Ni ba injiniya ba ne, iyakata sakandare, aikina taya Baba harkar shanu a kara. Amma na yi wata da watanni ina bin diddigin na'urar nan, kuma na tabbata akwai gidajen 'yan'uwa a Sabo da Zango da irin waɗannan faifai ke jibge ba a san abin da ke ciki ba. Ga abin da na gano.

Asalinsa

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya ƙirƙiro shi. An fara sayar da shi a Japan a watan Nuwamba na 1992, na'urar farko sunanta MZ-1. Manufarsu ita ce ya gaji kaset: ka ɗauka, ka goge, ka sake ɗauka kamar kaset, amma sautin ya fita tas kusa da na CD. Daga baya Sharp da Panasonic da Kenwood da Aiwa su ma suka riƙa ƙera nasu. Ya samu karɓuwa sosai a Japan, sai kuma Turai, musamman a hannun 'yan jaridar rediyo da mawaƙa. A nan Najeriya bai taɓa zama ruwan dare kamar kaset da CD ba, nan da can dai ake ganinsa cikin kayan tokumbo. Ta nan baffa ya samu nasa.

Zuwan iPod a 2001 da sauran na'urorin MP3, sannan wayoyin zamani, shi ya karya kasuwarsa. Sony ta daina fitar da na aljihu a 2011, ta rufe sauran a 2013. A watan Fabrairun 2025 kuma ta daina ƙera faifan da ake ɗauka a kai. Wato duk wata na'urar aljihu da ka gani yau tsohuwa ce, kuma kullum raguwa suke yi.

Yadda faifan yake aiki

Ainihin faifan ɗan kewayayye ne mai faɗin milimita 64, yana cikin gidan roba mai kusan santimita 7 kowane gefe, da 'yar ƙofa mai zamewa wadda na'ura ce kaɗai ke buɗe ta. Shi ya sa ba ya karcewa kamar CD, kuma ba shi da zare balle ya harɗe kamar kaset.

Wajen ɗauka, hasken leza ne ke gasa wani ɗan ɗigo a jikin faifan zuwa wajen digiri 180, a daidai lokacin kuma maganaɗisu ta ɗaya gefen ya rubuta bayanin. Da wurin ya huce rubutun ya zauna. Tunda sai an haɗa zafi da maganaɗisu kafin rubutu ya canza, faifan yana da juriya. Namu sun haura shekara 20 cikin danshin Legas, amma duk cikinsu ɗaya ne kawai ya ƙi karantuwa.

Domin sauti mai yawa ya shiga ƙaramin faifai, ana matse shi da wata fasaha mai suna ATRAC, wadda ke rage nauyinsa zuwa kusan kashi 1 cikin 5 na CD ta hanyar zubar da abin da kunnen mutum bai cika ji ba.

Ire-irensa da tsawon lokacin ɗauka

Faifan iri uku ne: na minti 60, na 74 da na 80. Amma abin da zai ɗauka ya danganta da tsarin da ka zaɓa. A faifan minti 80, tsarin SP, wanda ya fi kyawun sauti, minti 80 ne cif. Tsarin mono, wato sauti guda ga kunne biyu, yana ninka shi zuwa 160. A shekarar 2000 aka ƙaro MDLP: LP2 na ba da minti 160, LP4 kuma 320, wato awa 5 da minti 20. LP4 ya wadatar ga magana ko wa'azi, amma ga kiɗa za ka ji ya dushe.

A 2001 aka fito da NetMD, mai karɓar waƙoƙi daga kwamfuta ta wayar USB. A 2004 sai Hi-MD, mai faifan gigabait 1, wanda ke iya ɗaukar minti 94 na sautin da ba a matse ba.

A na'urorin Sony harafin da ke bayan MZ yana nuna maka irinta: E na sauraro ne kawai, R mai ɗauka ne, N kuma NetMD. Ka kula da abu biyu. Abin da aka ɗauka da LP2 ko LP4, in ka sa shi a tsohuwar na'urar da ba ta da MDLP, za ka ga lokaci na tafiya amma shiru kake ji. Kada ka ce babu komai a ciki ka goge. Faifan da aka tsara da Hi-MD kuwa, na'urar da ba Hi-MD ba ba ta karanta shi ko kaɗan.

Sauraro

Abin da ya sa matafiya suka so shi, na'urar tana karanta sauti gaba ta tara a ma'adanarta kafin ya iso kunnenka. Na baya-bayan nan suna tara har na daƙiƙa 40. Ko mota ta faɗa rami, sautin ba ya tsalle kamar na CD. Baba ya ce baffa da ita yake biyo tirelar shanu daga Potiskum har Legas, iyafis a kunne, karatun Alƙur'ani a wani faifan, waƙoƙin Shata a wani.

Faifai ɗaya yana rabuwa har gida 254. Kana iya raba waƙa biyu, ka haɗe biyu su zama ɗaya, ka sauya musu jeri, ka goge guda ka bar sauran, ka rubuta wa kowace suna ya riƙa fitowa a ɗan gilashin na'urar. Akwai maɓallin HOLD mai kulle sauran maɓallai don kada su dannu a aljihu.

Batir iri biyu ne. Wasu suna cin AA na shago. Wasu kuma suna da siriri mai kama da cingam, wanda ake yi wa caji, galibi da ɗan akwatin AA da ake ɗaura masa a gefe.

Ɗaukar murya

A na'urorin Sony ramin makirufo ja ne, an rubuta MIC. Farin ramin da aka rubuta LINE IN na jona rediyo ne ko CD ko na'urar lasifikar masallaci. Ba kowace mai ɗauka ke da ramin makirufo ba, wasu NetMD ba su da shi, sai ka duba. Yawancinsu kuma ba su da makirufo a jiki, sai ka nemo ƙarami mai waya. Ka nisanta shi da na'urar, in ba haka ba zai kwaso ƙarar injin da ke juya faifan. Ka sa iyafis ka ji abin da ke shiga kafin mai magana ya yi nisa.

Abu mafi muhimmanci shi ne TOC, wato jadawalin da ke nuna inda kowace ɗauka ta fara da inda ta ƙare. Na'urar ba ta rubuta shi sai ka danna tsayawa. A 'yan daƙiƙun nan da take nuna TOC Edit, kada ka girgiza ta, kada ka cire batir, kada ka buɗe murfi. In batir ya mutu kafin nan, awa biyun da ka ɗauka ta tafi a banza. Saboda haka sabon batir kafin kowace doguwar hira, kuma kada ka dogara da wutar NEPA kaɗai.

Kuskuren da na yi

A ɗaya daga cikin faifan baffa akwai muryar kakanmu, an ɗauka a 2004, yana ba da labarin yadda suke koro shanu a ƙasa zuwa Kudu, da masaukan da suke yada zango, da mutanen da suka riƙe masa amana. Baba ya ji muryar mahaifinsa bayan shekara kusan 20, ya kasa cewa komai, sai hawaye.

Washegari ni da rawar kai na ce bari in gwada makirufon da na sayo, faifan na ciki. Ban san cewa tsofaffin na'urorin nan daga inda faifan ya tsaya suke fara ɗauka ba, suna bi ta kan abin da ke wurin, sai fa in ka fara danna END SEARCH ya kai ka ƙarshe. Haka na taka minti 11 na maganar kaka, na maye gurbinsu da muryata ina cewa ɗaya, biyu, uku, da hayaniyar tsakar gida. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Laifina ne, ba na kowa ba.

Maganin abin kuwa ɗan ƙaramin makulli ne a gefen kowane faifai. Ka zame shi ramin ya buɗe, shi ke nan ba a ɗauka kuma ba a gogewa. Duk tsohon faifan da ya shigo hannunka, wannan za ka fara yi kafin ya shiga na'ura.

Kwashe abin da ke ciki

Hanyar da ke aiki da kowace na'ura ita ce waya mai kai biyu irin na iyafis: ɗaya a ramin iyafis na Minidisc, ɗaya a ramin shigar sauti na kwamfuta, sai ka ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Yawancin kwamfutocin cinya na yanzu ba su da wannan ramin, sai ka sayi ɗan katin sauti na USB. Aikin haƙuri ne, faifan minti 80 sai ya ci minti 80.

Hanya ta biyu ta USB ce. Asalin NetMD daga kwamfuta zuwa faifai kawai yake turawa. MZ-RH1 ta 2006, na'urar Hi-MD ta ƙarshe da Sony ta yi, ita ke mayar da tsofaffin ɗauka zuwa kwamfuta, shi ya sa ta yi tsada a hannun masu nema. Yanzu kuma akwai manhajar sa-kai mai suna Web MiniDisc Pro da ke aiki a cikin Chrome, tana iya jawo sauti daga NetMD da dama na Sony. Bayan ka kwashe, ka ajiye a wuri biyu ko uku, ka tura wa dangi a Arewa.

Idan za ka saya

Masu kayan tokumbo a Alaba da Computer Village na Ikeja su ne wurin fara tambaya. Ka tafi da faifanka da batir da iyafis. Ka buɗe gidan batir ka duba ko ya yi tsatsa ko fari-farin gishiri. Kada sauraro kaɗai ya ruɗe ka: ka ɗauki minti biyu a faifan da babu komai, ka tsayar, ka cire shi, ka mayar, ka ji, domin akwai masu karantawa lafiya amma ɓangaren rubutunsu ya mutu. Ka karanta jikin cajar: ta Japan wutar 100 take ci, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa kai tsaye za ta ƙone. Kada kuma ka bar batir a ciki in za ka ajiye ta.

In don sabuwar ɗauka ce, gaskiya wayarka ta fi sauƙi, ko da yake ita Minidisc kira ba ya katse ta. Amma in kana da tsofaffin faifai, nemi na'ura yanzu tun ana samu. Ni na kwashe 22, yanzu kuma duk Juma'a bayan la'asar nakan zaunar da Baba ya ba ni nasa labarin. Minti 11 na kaka da na ɓatar, ya cike mini abin da ya iya tunawa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani.