Shigar da fayil ɗin 3D cikin manhajar CAD: wanne ne ke gyaruwa, wanne ne ba ya gyaruwa

Yaranmu da ke aiki a shagunan kafintoci, walda, almuniyam da wuraren buga kaya da injin 3D a Legas, Ibadan da Fatakwal sun san wannan wahalar. Kwastoma zai turo fayil ta WhatsApp ya ce ga zanen nan, a ɗan ƙara faɗin ramin noti sannan a yi masa. Ka je buɗewa, ko dai ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗu amma ramin ba ya taɓuwa. Sau da yawa ba laifin kwamfutarka ba ne, irin fayil ɗin ne.

CAD ita ce manhajar da ake zana abu da ainihin awonsa, tsawo da faɗi da kauri, kamar AutoCAD, SolidWorks, Fusion, SketchUp da FreeCAD. Kowacce tana da nata fayil: DWG na AutoCAD ne, SLDPRT na SolidWorks, SKP na SketchUp. Idan za a ɗauki zane daga wata zuwa wata, sai a bi ta fayil na tsakani wanda duka biyun ke ganewa. Waɗannan na tsakani gida biyu ne, kuma duk maganar a nan take.

Gidan raga

Gida na farko shi ne STL, OBJ da 3MF. Kamfanin 3D Systems na Amurka ne ya fito da STL a 1987 don injinan buga kayansa. Ba abin da ke cikinsa sai ƙananan alwatika da aka jera suka lulluɓe jikin abin kamar raga. Mu da muka taso a kara, misalin da ya fi shiga kaina shi ne fata: siffar san tana nan, za ka gane shi, amma ba ƙashi ba nama a ciki. Ramin da kake gani kamar da'ira a STL ba da'ira ba ne, gajerun layuka ne da yawa aka haɗa suka zagaya. Shi ya sa ba za ka ce wa manhaja ta mayar da shi daga milimita 8 zuwa 10 ba, don ita ba ta ma san rami ne ba. Don bugawa kai tsaye STL ya wadatar. Don gyara kuwa, wahala ce.

OBJ shi ma raga ne, sai dai yana tafiya da wani ƙaramin fayil mai suna MTL da ke riƙe da launi. In an turo OBJ shi kaɗai, zai zo fari fat ko ruwan toka. 3MF sabo ne, na 2015, kuma ya gyara babban aibin STL, wato rashin awo, wanda zan zo kansa.

Gidan daskararren jiki

Na biyu shi ne STEP, wanda ke ƙarewa da .step ko .stp, da kuma IGES. A nan ba alwatika ake ajiyewa ba, lissafin siffar ne. Da'ira da'ira ce ta gaske, kana danna ta za ta ba ka awonta daidai. STEP ƙa'ida ce ta duniya mai lamba ISO 10303, an fara fitar da ita a 1994, kuma kusan duk manhajar injiniyoyi tana karanta ta. IGES ya girme shi, tun 1980 yake, kuma ba a sake sabunta shi ba tun 1996. Yakan zo da fuskokin abin a warwatse, sai ka ɗinke su kafin su zama jiki ɗaya. Idan an ba ka zaɓi, ɗauki STEP ka huta.

Abu ɗaya dai: ko STEP ɗin ba ya zuwa da tarihin yadda aka gina zanen mataki-mataki. Za ka iya jan fuska, ka cike rami, ka huda sabo, amma ba za ka koma zanen farko na mai shi ka canja lamba ɗaya komai ya bi ba. Wannan sai da fayil na asali a manhajar da aka yi shi.

Maganar awo

STL ba ya faɗin ma'auni. In ya ce 50, bai ce milimita ba ne ko inci ko mita. Manhajarka ce za ta yi zato. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, saboda haka abin da Ba'amurke ya zana da inci, ka buɗe shi a milimita, zai ƙanƙance sau 25.4. Wanda aka yi da mita kuwa, kamar yadda ake yawan samu daga Blender, zai ragu sau 1,000. Ni kaina na taɓa buɗe irin wannan, na ga allo wayam, na ce wa mutumin fayil ɗinsa ya lalace. Ya kwashi aikinsa ya kai wani wuri. Daga baya na danna maɓallin da ke jawo komai tsakiyar allo, sai ga abin nan ƙarami kamar ƙwayar gero. To tun daga ranar, kafin in yi kuɗin aiki sai na tambayi mai shi tsawon gefe ɗaya, in auna a allo in ga ko sun yi daidai.

Wani lokaci kuma abin zai zo a kwance, don wasu manhajoji layin Y ne samansu, wasu kuma Z. Juya shi digiri 90, shi ke nan.

Yadda ake yi a manhajojin

FreeCAD kyauta ce, fitowarta ta 1.0 ta zo a Nuwamban 2024, kuma ita nake ba mai koyo shawara. Ka shiga File ka zaɓi Import. STEP zai shigo a shirye. In STL ne, ka koma sashen Part ka danna Create shape from mesh, sannan Convert to solid, sannan Refine shape. Na ƙarshen yana share alwatikan da ke kan shimfiɗaɗɗiyar fuska, amma wurin da ya lanƙwasa zai zauna da tsaginsa. Kuma duk wannan ba zai yi ba sai ragar a rufe take ruf, yadda in da za a zuba mata ruwa ba zai yoyo ba. In akwai ɓula, sashen Mesh yana da wurin dubawa da gyara.

A Fusion, Insert Mesh ake dannawa, kuma tana tambayar ma'auni tun a nan, kada ka wuce shi da sauri. SolidWorks tana ba ka zaɓi uku wajen buɗe STL: hoto kawai na kallo, fuska, ko daskararren jiki. AutoCAD kuwa umarnin IMPORT yana karɓar STEP da IGES, amma ba ya karɓar STL, duk da tana iya fitar da shi. Sai ka bi ta wata manhajar tukuna. Idan DWG ne ya ƙi buɗuwa, yawanci taka ce tsohuwa. Tsarin DWG ya canja a 2010, 2013 da 2018. Ka ce mai shi ya ajiye maka a tsohon tsari, ko ka juya shi da DWG TrueView, ita ma kyauta ce.

Fayil ɗin da aka ɗauko da na'urar sikanin yana iya ɗaukar alwatika miliyoyi. Kwamfutar tokunbo mai RAM 4 za ta sandare, ga batir na gudu ga ba wuta. A rage yawansu a MeshLab ko Blender kafin a shigar. Amma in ƙarfen inji ne mai ramuka da gefuna a miƙe, ra'ayina kada ka ɓata yini wajen juya raga. Ka ajiye ta a ƙasa kamar abin kwafi, ka ɗauki awo, ka zana sabo a kanta. Ya fi sauri, kuma abin da ka samu naka ne mai gyaruwa.

Masu neman zane a intanet, Thingiverse da Printables galibi STL da 3MF ne, GrabCAD ne ake yawan samun STEP. A duba lasisin kowane zane kafin a buga a kai kasuwa, don da yawa daga cikinsu masu su sun rubuta cewa na amfanin kai ne, ba na sayarwa ba.